Ko Neman Jiyyar Raunin Zuciya Rashin Bangaskiya Ne?



Tun daga rikicin Kaduna na shekarar 2000 da na Jos na watan Satumba 2001, da wuya a sami shekarar da ikkilisiya a ƙasarmu ba ta binne 'ya'yanta da aka kashe ba. An sake yi a Jos cikin 2008 da 2010, an yi na bayan zaɓe a 2011. A watan Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantarsu a Chibok, a watan Oktoba na wannan shekara kuma Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, har ma'aikatan hedkwatar EYN da ke Kwarhi suka watse. A jajiberen Kirsimeti na 2023 aka far wa ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi. Ga satar mutane a hanya da gona, ga haɗarin mota, ga fyaɗe da dukan da ake yi a bayan ƙofa wanda jarida ba ta ɗauka. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun binne nasu, sun yi gudun hijira kamar yadda muka yi.

Idan irin wannan ta auku, mun san abin da za mu yi a makon farko. Za a yi jana'iza, Zumuntar Mata za ta kai hatsi da tufafi, matasa za su taimaka a sake rufin ɗaki, fasto zai yi addu'a. Bayan wata uku sai kowa ya koma harkarsa. Amma akwai gwauruwar da har yanzu ba ta iya barci sai fitila na kunne, takalmi yana ƙafarta. Akwai magidancin da idan taya ta fashe a kasuwa sai ya kwanta rub da ciki, jikinsa yana makyarkyata. Akwai yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance, ya kuma koma masa. Idan wani ya ce a kai su wurin masu jiyyar zuciya, amsar da aka fi ji a gidajenmu ita ce, “Mu da muke da Yesu, me za mu nema wurin likitan mahaukata?” Waɗanda ke faɗin haka da zuciya ɗaya suke faɗa, saboda haka ya kamata mu auna maganar da natsuwa. Shin Kiristan da ya nemi irin wannan jiyya ya nuna cewa addu'a ta kasa ke nan?

Raunin da Ido Ba Ya Gani

Allah ya halicci jikin mutum da mai gadi a cikinsa. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da likitoci ke kira amigdala, aikinsa shi ne buga ƙararrawa idan haɗari ya taso. Da zarar ya buga, jiki yakan saki sinadarin adiranalin cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jijiyoyi su ɗaure, mutum ya gudu, ko ya yi faɗa, ko ya sandare wuri ɗaya. Duk wannan yana faruwa tun kafin tunani ya yanke shawara. Kyauta ce daga Mahalicci, gama ita ce take sa manomi ya yi tsalle kafin ya tabbatar ko kububuwa ce a gabansa.

A ka'ida, idan haɗari ya wuce ƙararrawar takan yi shiru. Yawancin waɗanda suka ga abin firgita sukan sha wahala na 'yan makonni, sa'an nan hankalinsu ya kwanta sannu a hankali, musamman idan suna da wurin kwana mai tsaro da mutane kusa da su. Amma ga waɗansu ƙararrawar takan maƙale. Kakanninmu sun lura da haka tun da daɗewa, shi ya sa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Alamun wannan ciwo iri huɗu ne. Na farko, abin da ya faru yakan riƙa dawowa ba tare da an kira shi ba, cikin mugun mafarki ko da rana tsaka, kamar yanzu yake faruwa. Warin hayaƙi ko ƙarar babur ya isa ya dawo da shi. Na biyu, mutum yakan guje wa duk abin da zai tuna masa, ya daina bin wata hanya, ya ƙi zuwa gona, wani ma ya daina shiga majami'a idan a can abin ya same shi. Na uku, jiki yakan zauna cikin shirin gudu kullum, ga rashin barci, ga saurin fushi, ga firgita. Na huɗu, tunani yakan yi duhu, mutum ya riƙa zargin kansa, ya ji kunya, ya daina jin daɗin 'ya'yansa da abincinsa. Idan waɗannan suka wuce wata guda suna hana mutum harkokinsa, likitoci suna ɗaukarsa ciwo ne mai bukatar jiyya. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi cikin kundin cututtuka, ana taƙaita sunansa da haruffan PTSD. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da ake rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata matsala ta tunani, ko wannan, ko baƙin ciki mai tsanani, ko fargaba, ko makamantansu. Mai karatu ya lissafa mutane nawa ke zama a bencinsa ranar Lahadi.

Laifi Ne Ko Rauni?

Tushen gardamar yana nan. Idan firgicin nan zunubi ne, tuba ce maganinsa. Idan kuwa rauni ne, bukatarsa jiyya ce, wanda ya tsawata wa mai rauni kuwa ya ƙara masa ciwo.

Duniya ta taɓa yin wannan kuskure da tsada. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, dubban sojoji sun dawo daga ramukan yaƙi suna rawar jiki, waɗansu sun kasa magana, ba kuwa harsashi a jikinsu. Manyan hafsoshi da yawa suka ce ragwanci ne. Rundunar Birtaniya ta harbe sojojinta 306 bisa laifuffuka irin su gudu daga fagen fama da tsoro. Sai a 2006 majalisar dokokin ƙasar ta yi musu afuwa, ana kyautata zaton da yawa daga cikinsu wannan ciwo ne ya kama su. Mu ba mu harbi kowa ba, amma idan muka ce wa gwauruwa mai rawar jiki bangaskiyarta ce ta yi ƙasa, hukuncin da muka yanke mata ɗan'uwan wancan ne.

Rashin bangaskiya abu ne da zuciya take zaɓa, wato ta juya wa Allah baya. Bugun zuciya idan bindiga ta tashi kuwa ba wanda ya zaɓe shi, kamar yadda ba wanda yake zaɓen zazzaɓi bayan cizon sauro. Mace tana iya raira waƙar yabo da dukan ranta da safe, da dare kuma mafarki ya tashe ta da ihu. Dukansu biyu gaskiya ne game da ita.

Mu dubi yadda Allah kansa ya yi da annabi Iliya (1 Sarakuna 19). Ga mutumin da ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, amma da Yezebel ta aiko masa da saƙon kisa sai ya tsere har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya shiga jeji shi kaɗai, ya roƙi mutuwa. Gudu, keɓewa, da gajiya da rai, duk sun bayyana a kansa. Me Ubangiji ya fara yi? Ya bar shi ya yi barci. Ya aiko mala'ika da gurasa da ruwa, har sau biyu. Bayan ya kai Horeb, Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya saurari kukansa, ya sake tambayarsa, Iliya kuwa ya maimaita magana ɗaya, aka kuma saurare shi. Daga nan ne ya gyara masa tunanin da ya karkace, wato zaton cewa shi kaɗai ya rage, ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su rusuna wa Ba'al ba. A ƙarshe ya ba shi aiki, ya ba shi abokin tafiya, Elisha. Babu inda aka ce masa mai ƙarancin bangaskiya a wannan sura.

Haka kuma Littafi Mai Tsarki bai ɓoye kukan tsarkaka ba. Akwai littafi sukutum mai suna Makoki. Zabura 88 ta ƙare cikin duhu ba tare da kalmar ta'aziyya ba, duk da haka Ruhu Mai Tsarki ya bar ta cikin littafin sujadar mutanen Allah. Ubangijinmu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, a Getsamani kuma ya gaya wa almajirai uku nauyin da ke ransa, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Idan Ɗan Allah ya nemi mutane kusa da shi a daren baƙin cikinsa, wane ne a cikinmu ya fi ƙarfin haka?

Abin da Masu Jiyya Suke Yi

Da yawa suna tsoron wannan jiyya domin ba su san abin da ake yi a ɗakin ba. Wata likita a Amurka, Judith Herman, ta bayyana a littafinta na 1992 cewa warkewa tana bin matakai uku. Na farko shi ne tsaro da natsuwar jiki, wato wurin kwana, abinci, barci, da koyon yadda mutum zai lafar da numfashinsa idan firgici ya taso. Na biyu shi ne tunawa da makoki, inda mutum zai ba da labarin abin da ya same shi, ya yi kukan abin da ya rasa. Na uku shi ne komawa cikin jama'a da aiki. Mai karatu zai ga yadda wannan jeri ya yi kama da abin da ya faru da Iliya.

Me ya sa ake bukatar ba da labarin? Domin gudun tunawa, ko da yake yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, shi ne yake ciyar da tsoron. Muddin mutum bai taɓa tsayawa ya dubi baƙin tsumman ba, jikinsa ba zai koyi cewa tsumma ne ba. Mai jiyya yakan zauna da mutum, galibi sau ɗaya a mako, kamar sau 8 zuwa 12 ko fiye, ya bi da shi cikin labarin kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da zai iya ɗauka, har ƙwaƙwalwa ta ajiye abin a matsayin abin da ya wuce. Yakan kuma taimake shi ya auna hukuncin da ya yanke wa kansa. Uwar da take cewa, “Da ban aike shi rafi ba, da ɗana yana nan,” ana taimakonta ta raba abin da ta sani a safiyar ranar da abin da ta sani yanzu, ta mai da laifin wuyan wanda ya ɗauki makami.

Akwai wata hanya da aka tsara musamman domin 'yan gudun hijira. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum tun daga haihuwa. Sai ya aza dutse a kan kowane mugun abu da ya same shi, ya aza fure a kan kowane abin farin ciki. Sa'an nan a bi su ɗaya bayan ɗaya, ana rubutawa, har rayuwar ta zama labari guda mai farko da ci gaba, ranar masifa ta koma dutse ɗaya cikin doguwar igiya. An gwada wannan hanya da 'yan gudun hijirar Sudan 43 a wani sansani a Yuganda, aka buga sakamakon a 2004. Shekara guda bayan zama huɗu kacal, kashi 29 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa ita ne suka rage da ciwon, alhali cikin waɗanda aka yi wa nasiha ko bayani kawai, kusan kashi 80 suna nan da shi. Gwajin ƙarami ne, amma darasinsa ya shafe mu, wato lallashi kaɗai bai cika isa ba idan raunin ya yi zurfi.

A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da irin wannan jiyya ta magana, da wata kuma da ake kira EMDR, inda mutum yake tuna abin yana bin yatsan mai jiyya da idanunsa hagu da dama. Hukumar ta kuma yi gargaɗi kada a ba mutum ƙwayoyin kwantar da hankali irin su diyazefam domin firgici ko rashin barci a watan farko. Wannan gargaɗi ya shafi gidajenmu, inda ake aiken yaro kemis ya sayo “maganin barci,” ko magidanci ya nemi mantuwa cikin burukutu da tiramadol. Akwai magungunan da likita kan rubuta idan baƙin ciki ya yi tsanani, amma shi ne zai auna.

Ƙorafe-ƙorafen da Suka Cancanci Amsa

Wani zai ce, ai Littafi ya zargi sarki Asa domin ya nemi masu magani (2 Tarihi 16:12). Gaskiya ne, amma a karanta surar daga farko. Asa ya riga ya dogara ga sarkin Suriya maimakon Ubangiji, ya kuma jefa annabin da ya tsawata masa a kurkuku. Laifinsa shi ne ƙin neman Allah. Ishaya da kansa ya sa aka ɗora wa Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa, bayan Allah ya riga ya yi alkawarin warkar da shi (2 Sarakuna 20). Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Basamariyen nan na misalin Yesu ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan mutumin, ya ɗaure su, ya kai shi masauƙi, ya biya kuɗi. Idan ɗanmu ya karye, mukan yi addu'a mu kuma kai shi wurin mai ɗori ko asibiti, ba wanda yake ganin saɓani a ciki.

Wani kuma zai ce wannan al'adar Turawa ce. Amma tun a 1954 wani ɗan Nijeriya, Dokta Thomas Adeoye Lambo, ya fara tsarin da ya ba duniya mamaki a Aro kusa da Abeokuta. Maimakon kulle marasa lafiya, sai ya saukar da su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana. Daga baya ya zama mataimakin babban darektan Hukumar Lafiya ta Duniya. A Harare ta Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibitocin unguwa suna sauraron masu ciwon da mutanensu ke kira yawan tunani, binciken da aka buga a 2016 kuwa ya nuna tsarin yana aiki. A nan gida, bayan masifar 2014, ikkilisiyar EYN ta gudanar da tarurrukan warkar da raunin zuciya ga 'yan gudun hijira, tana koyi da tsarin da aka fara a Ruwanda da Burundi. Zama da mai makoki da sauraronsa gadonmu ne. Abin da ilimi ya ƙara shi ne sanin yadda za a yi idan zaman makoki ya ƙare ciwon bai ƙare ba.

Na uku zai ce, tone miki yana ƙara ciwo, a bar kaza cikin gashinta. Akwai gaskiya a nan da ya kamata mu riƙe. An gano cewa tara mutane nan da nan bayan masifa a matsa musu su fayyace abin da suka gani ba ya hana ciwon, yana ma iya jinkirta warkewa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ba ta goyon bayansa. Saboda haka mu yi hattara da al'adarmu ta tsai da wanda ya kuɓuta daga hannun masu garkuwa a gaban jama'a ya ba da shaida tun jikinsa bai daina rawa ba, ko a sa yarinya ta maimaita labarinta ga kowane baƙon da ya kawo gudummawa. Amma marurun da ya tara mugunya, rufe shi da tsumma ba ya warkar da shi. Wanda ya iya ne yake buɗe shi, a lokacin da ya dace, da yardar mai ciwon.

Na huɗu zai ce aikin aljanu ne. Ba mu musun cewa akwai mugayen ruhohi, gama Littafi ya faɗa. Amma ciwon da aka san ranar da ya fara, wanda alamunsa iri ɗaya ne ga sojan Amurka da manomin Mangu, wanda kuma yake lafawa da jiyya, bai kamata a yi saurin laƙaba masa wannan suna ba. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a wurare da dama a Nijeriya, har da gidajen addu'a na Kirista. Abin kunya ne gare mu. Yarinyar da aka taɓa ɗaurewa a daji, in aka sake danne ta ana ihu a kanta da sunan kuɓutarwa, an mai da ita dajin ne.

Sai dai kuma jiyya tana da iyaka. Ba ta ta da matattu, ba ta amsa tambayar Ayuba, ba ta maye gurbin shari'a. Mai jiyya ba zai iya lallashin ƙararrawar jiki ta yi shiru ba alhali maharan suna bayan tsauni. Don haka ikkilisiya ba za ta daina neman tsaro da adalci daga hukuma ba, ba kuwa za ta bar wa asibiti aikinta na shelar begen tashin matattu ba.

“Yi Haƙuri, Ki Gafarta”

Babu kalmar da ta fi saurin fita daga bakinmu kamar haƙuri. Kalma ce mai daraja, amma wani lokaci muna faɗinta ne domin mu huta da jin kukan. Bayan Amnon ya ɓata Tamar, wanta Absalom ya umarce ta ta yi shiru kada ta sa abin a ranta, mahaifinta Dawuda ya yi fushi amma bai ɗauki mataki ba. Littafi ya ce ta zauna a gidan wanta a kaɗaice, bayan shekara biyu kuma jini ya zuba a gidan sarki (2 Sama'ila 13). Shirun da aka ɗora mata bai tsare mutuncin gidan ba.

Gafara umarnin Ubangiji ce, ba mai soke ta. Amma mukan cakuɗa abubuwa uku da suka bambanta, wato barin ramuwa a hannun Allah, mantawa da abin da ya faru, da sake amincewa da wanda ya yi ɓarnar. Na farko wajibi ne, ko da yake sau da yawa tafiya ce mai tsawo. Na biyu ba ya cikin ikon mutum. Na uku yana jiran tuba da tabbacin tsaro. Yusufu ya raɗa wa ɗan farinsa suna Manassa domin yana ganin ya manta da wahalarsa, amma da ya ga 'yan'uwansa bayan shekara fiye da 20 sai ya juya ya yi kuka, ya kuma yi ta kuka a kai a kai. Bai bayyana kansa ba sai da ya gwada su ya ga sun sake hali. Ko a lokacin da ya gafarta musu, ya kira abin da suka yi mugunta (Farawa 42 zuwa 50). Matar da dattawa suka mayar ɗakin mijin da ya kusa kashe ta, da sunan gafara, ba tare da an tsawata masa ko an tsare ranta ba, an zalunce ta sau biyu. Sau da yawa jiyya ce take share wa gafara ta gaskiya hanya, domin zuciyar da ta daina rawa ce take iya duban maƙiyinta ba tare da ta so gudu ko ɗaukar wuƙa ba. Matashin da ba a kula da rauninsa ba kuwa, shi ne mafi sauƙin ja zuwa harin ramuwa.

Aikin Iyali da Ikkilisiya

1. Mu koyi zama. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna tare da shi ba su ce uffan ba, da suka fara bayyana dalilin wahalarsa ne suka ɓata. Ya isa a ce, “Mama, ga ni. In kina so ki yi magana, ina ji. In ba ki so, zan zauna.”

2. Mu riƙe amana. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da 'yar'uwa ta faɗa a asirce kada ya zama “batun addu'a” a taron mata ba da izininta ba.

3. Mu lura da yara. Kada a doki yaro saboda fitsarin kwance ko manne wa uwa bayan masifa. A gaya masa gaskiya daidai da shekarunsa, a mai da shi makaranta da wasa da wuri, a bar shi ya yi tambaya.

4. Mu san lokacin neman gwani. Idan alamun sun wuce wata guda, ko mutum ya daina ci da aiki, ko ya faɗa shaye-shaye, a raka shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kaduna, Maiduguri, Kware, Aro, Yaba, Inugu, Benin da Kalaba, akwai kuma sashen a asibitocin koyarwa irin na Jos. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutuncin marasa lafiya. Masana kaɗan ne, hanya kuma tana da nisa, don haka asusun jinƙai na ikkilisiya ya ɗauki kuɗin mota da na kati kamar yadda yake yi wa mai tiyata.

5. Idan wani ya ce ya gaji da rai, kada a ɗauka wasa ne, kada kuma a yi masa wa'azin Jahannama. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, gama tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da igiya da makami, a kai shi asibiti a ranar.

6. Mu tuna da fastoci da matansu. Wanda ya binne membobinsa da yawa rana ɗaya, shi ma mai rauni ne. Majalisun ikkilisiya su ba su hutu da wanda zai saurare su, makarantun tauhidi kuma su koyar da wannan fanni sosai.

Kammalawa

'Yan'uwa, neman jiyyar raunin zuciya ba ya rage kome daga bangaskiya. Allahn da ya halicci ƙararrawar jiki shi ne ya ba mutane hikimar lafar da ita, ko mai jiyyar ya san sunansa ko bai sani ba. Tambayar da za a yi mana a ranar ƙarshe ta fi karkata ga mu masu lafiya, ko mun ratse kamar firist da Balawe, ko mun tsaya.

Kada kuma mai rauni ya zaci warkewa tana nufin abin ya shafe kamar bai faru ba. Sa'ad da Ubangiji ya tashi daga matattu, ya nuna wa almajiransa hannuwansa da kwiɓinsa, ya kuma gayyaci Toma ya taɓa wurin ƙusoshin. Tabon yana nan, jinin ne ya tsaya. Abin da muke roƙa wa 'yan'uwanmu ke nan, miki ya zama tabo, su yi barci, su koma gona, su iya ba jikokinsu labarin ba tare da jikinsu ya ɗauki rawa ba.

Ubangiji ya ɗaure raunukan mutanensa, ya ba mu kunnen ji da ƙafar rakiya, ya kuma ba ƙasarmu salama. Amin.